Yadda Ake Fara Doguwar Tafiyar Ƙafa a Kan Duwatsu Idan Daga Legas Ka Taso

Tafiyar da nake nufi ita ce wadda za ka goya jaka da abincinka da makwancinka a ciki, ka yi kwana uku zuwa mako guda kana bin hanyar ƙafa a kan tsaunuka, inda dare ya riske ka nan ne masauki. Yawancin masu sarewa a irin wannan tafiya tun a rana ta farko ko ta biyu suke juyowa, kuma dalilan ba sa wuce uku: ƙafa ta yi bororo, kaya sun yi nauyi, ko mutum ya fara da gaggawa ƙarfinsa ya ƙare kafin azahar. Shi ya sa bayanin nan ya tsaya a kan shiri da kwana biyun farko.

Mazaunin Legas yana da ƙarin aiki a gabansa. Garin a shimfiɗe yake a bakin teku. Mutumin Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 sai ya shekara bai hau tudun da ya fi gadar sama ba, jikinsa kuma ya manta da sanyin Arewa, balle na kan dutse.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Jakar goyo: mai cin lita 50 zuwa 65, kuma lallai mai faffaɗan bel na ƙugu mai soso a ciki. Jakar makaranta ba za ta yi ba, don duk nauyin a kafaɗa take sauke shi. Wajen 'yan gwanjon Katangowa da ke Abule Egba, ko na Yaba, ana dacewa da masu kyau idan aka yi sammako ranar da aka fasa dila. Duba zif, ka ja maɗaurai da ƙarfi, ka leƙa ɗinkin da ya haɗa hannuwan jakar da jikinta. In ya fara sakin zare, kai wa mai gyaran takalmi ya bi shi da zare mai ƙarfi.

Takalmi: sau-ciki mai manyan haƙora a ƙasa. Gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma da irin safar da za ka yi tafiyar da ita. A bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin, don a gangare ƙafa gaba take zamewa, takalmin da ya matse kuwa sai ya baƙanta maka farce ya cire shi. In ba ka sami na hawa dutse ba, kambas na gudu mai kyawun ƙasa ya wadatar. Ƙara da sandal mai maɗaurin dunduniya domin zango da tsallaka rafi.

Tufafi: jesin ƙwallo biyu, wando mara nauyi mai saurin bushewa, suwaita mai kauri, rigar ruwa, hular sanyi, hular rana, da safa ƙafa uku na ulu ko na roba. Jins da shadda da duk kayan auduga a bar su a gida. Suna shan gumi su ƙi bushewa, da yamma iska ta kaɗa su zame maka ƙanƙara a jiki. 'Yan uwa mata su nemi gajeren hijabi mara nauyi da doguwar riga iya gwiwa a kan wando, domin dogon hijabi yana kama ƙaya yana kuma rufe wa mutum inda zai taka.

Makwanci: ƙaramin tanti, jakar barci, da siririyar katifar soso. Wanda bai da tanti ya sami tamfol mai mita 3 kowane gefe da igiya da gidan sauro. Wanda bai da jakar barci ya ɗauki bargo mara nauyi. Amma katifar kada a raina ta, ƙasa ta fi iska zuƙe ɗumin jiki.

Girki da ruwa: ƙaramin risho na gas, tukunya ɗaya, kofi, cokali, laita biyu da ashana a ƙulle cikin leda. Gorori da za su ci lita 3, farin ƙyalle na tacewa, da maganin tsabtace ruwa irin su Aquatabs ko WaterGuard. Ware ƙaramar gora guda ta zame maka buta, ka yi mata alama don kada ta gauraya da na sha.

Ƙananan kaya: tocilar goshi da ƙarin batir, fawa-bank, usur, wuƙa, igiya mita 10, manyan ledoji, sabulu, da sanda. Sandunan ƙarfe na masu hawa dutse suna da daɗi, amma sandar makiyaya da za ka saya a can tana yin aikin.

Magunguna: filasta mai faɗi, bandeji mai talewa, aidin, allurar ɗinki, farasitamol, ƙullin gishiri da sukari na ORS, man korar sauro, maganin zazzaɓin cizon sauro da likita ya rubuta maka, da duk maganin da ka saba sha. Mai hawan jini ko ciwon suga ko asma ya ga likita tun kafin ya sayi ko da safa.

Ƙa'idar da ke kan duk wannan ita ce jaka, da ruwanta da abincinta, kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka. Mai kilo 70, kilo 14 ke nan. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif, don haka lissafin yana cika da wuri fiye da yadda ake zato.

MATAKI NA 1: ZAƁI HANYA DA LOKACI

A Najeriya, babbar tafiyar da masu wannan harka ke buri ita ce ta Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar, mita 2,419, a jihar Taraba kan iyaka da Kamaru. Yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991, mafi girma a ƙasar, da faɗin da ya haura murabba'in kilomita 6,000 tsakanin Taraba da Adamawa. Shi zan riƙa kawowa misali. Akwai kuma duwatsun Shere kusa da Jos, masu kai wa mita 1,829, da tsaunukan Obudu a Kuros Riba. Masu hali sukan leƙa Dutsen Kamaru da ya haura mita 4,000, ko Kilimanjaro mai mita 5,895 a Tanzaniya, amma ni ba na ba sabon shiga shawarar farawa da su. Daga wajen mita 2,500 zuwa sama ne ciwon ƙarancin iska ke fara kama mutane, kuma bai kamata ka haɗa koyon ɗaukar kaya da wannan a tafiya ɗaya ba.

Lokaci kuwa rani ne, daga Disamba zuwa farkon Maris. Da damina rafuka suna cika, hanyoyin babur suna lalacewa, tsawa kuma a kan tudu mara bishiya ba abin wasa ba ce. Abin da rani ke zuwa da shi shi ne hazo da sanyi. Duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi, wato in Legas tana digiri 30, a saman Gangirwal ka cire wajen 15 tun da rana, kafin dare da iskar hunturu su ƙara nasu.

Ga yadda ake auna tafiyar yini. Wani mai hawa duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar da lissafi a 1892 da har yau ake aiki da shi: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. Tafiyar kilomita 12 mai hawan mita 900 ta kama kusan awa huɗu ke nan. Sai dai lissafin na ƙaƙƙarfan mutum ne da ba ya tsayawa. Kai mai kaya, mai sallah da cin abinci a hanya, ƙara rabin abin da ya fito: awa shida. Kada ranar farko ta wuce haka a takarda.

MATAKI NA 2: HORAR DA JIKI A GARIN DA BA TUDU

Ba wa kanka mako takwas, shida in an matsa. Tafiyar da kake yi kullum daga tasha zuwa shago ba ta shiga lissafi, domin jijiyoyin hawa daban, na gangara daban, na miƙaƙƙiyar hanya daban.

Abin da Legas ke da shi a madadin tudu matattakala ce. Gadojin sama na masu ƙafa a Ojota ko Oshodi, benen gidan da kake haya, ko na wurin aikinka. Sau uku a mako, bayan sallar asuba kafin gari ya cika, goya jakar ka hau ka sauka na minti 20. Fara da kilo 5 a makon farko. Gorunan ruwa ne suka fi sauƙin aunawa. Duk mako ƙara kilo ɗaya ko biyu da minti biyar, har ka kai nauyin da za ka tafi da shi kana minti 45 ba tare da ka zauna ba. Sauka a hankali, kana lanƙwasa gwiwa, kada ka riƙa dira. Gangara ce ke cin gwiwa, kuma ita ce ke sa cinya ciwo washegari.

Ranar da ba ka aiki, yi doguwar tafiya ta awa uku zuwa biyar da jakar da kuma takalmin tafiyar. Gadar Lekki zuwa Ikoyi masu motsa jiki sun saba da ita da sassafe, ba wanda zai kalle ka. A wasu unguwannin kuwa, mutum da ƙatuwar jaka da duku-duku yana jawo tambaya, don haka riƙe katin shaidarka, ka kuma gaya wa 'yan sintirin unguwa abin da kake yi tun ranar farko.

Wannan horon shi ne kuma ke sa takalmi ya saba da ƙafa. Sabon takalmi daga kwali zuwa dutse shi ne kuskuren da ya fi kowanne yawa.

MATAKI NA 3: YI GWAJI KUSA DA GIDA

Kafin ka kashe kuɗin mota zuwa Taraba, taka dutse na gaske a nan Kudu maso Yamma. Jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021 yana tsayawa a Agege da Abekuta, sai ka je Dutsen Olumo ka dawo a yini ɗaya. Ƙarami ne, na ɗanɗano kawai. Ado-Awaye a jihar Oyo, mai tafki a samansa, ya fi shi aiki. Idanre a jihar Ondo, mai matattakala fiye da 600, shi ya fi kusa da abin da kake nema.

Sannan ka kwana a tantinka ko sau ɗaya, ko a tsakar gida ne. Kafa shi da dare da tocila, dafa abincin dare a rishon, kwanta a katifar. Da safe zazzage jakar ka kasa kayan gida biyu: abin da ka taɓa da abin da ba ka taɓa ba. Kashi na biyu, in ka cire magunguna da rigar ruwa da usur, a gida zai zauna.

MATAKI NA 4: IZINI, JAGORA DA WANDA ZAI SAN INDA KAKE

Gashaka-Gumti ba a shigarsa haka kawai. Hedikwatar gandun tana Serti, can ake biyan kuɗin shiga a haɗa ka da ma'aikatan da za su raka ka. Tuntuɓe su makonni kafin tafiya, ka tambayi abu huɗu: halin tsaro a hanyar a wannan watan, wuraren da ruwa bai ƙafe ba, kuɗin jagora da 'yan dako, da ko abincinsu a kanka yake. Wannan na ƙarshe a daddale shi tun a waya. Rigimar abinci a zango na biyu tana ɓata tafiya fiye da ruwan sama. In suka ce hanya kaza ba ta biyuwa yanzu, magana ta ƙare, ko da ka riga ka sayi tikiti.

Kada ka tafi kai kaɗai. Uku ko huɗu ya fi: in ɗaya ya yi targaɗe, ɗaya ya zauna da shi, sauran su nemo taimako. Kuma ana raba nauyin tanti da risho. Ɗaukar ɗan dako ba abin kunya ba ne. Mutanen wurin sun san hanya, kuɗin kuma yana shiga ƙauyen da kake ratsawa.

A gida, rubuta wa mutum ɗaya mai nutsuwa, yayanka ko abokin kasuwancinka, takarda: sunayen abokan tafiya, inda za ku kwana kowace rana, lambar ofishin gandun, ranar da za ka kira, da ranar da in bai ji ka ba zai fara nema. Gaya wa Hajiya da maiɗakinka gaskiya cewa za a yi kwanaki ba sabis, don kada shirun ya tayar musu da hankali. Sauke taswirar yankin a waya tun kana da intanet. Tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da haɗa salloli da taimama, don za ka buƙace su.

MATAKI NA 5: GUZURI

A nan Bahaushe ya fi kowa sa'a, domin abincin fatake tun asali na doguwar tafiya ne: ba ya lalacewa, ba nauyi, ga riƙe ciki. Kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, dabino, dakuwa, garin kwaki da sukari da madarar gari, garin kunu, ganyen shayi. Duk ana samun su a Agege ko Mile 12. Domin dare, taliya ko kuskus ko shinkafa, da ɗan mai da yaji da busasshen kifi. Wake a bar shi, gas ɗinka zai cinye kafin ya nuna. Abincin gwangwani ma haka, rabinsa ruwa ne da ƙarfe.

Lissafa gram 700 zuwa kilo ɗaya na busasshen abinci ga mutum ɗaya a yini, ka ƙara na yini guda na ko-ta-kwana. Ƙulla na kowace rana a ledarsa ka rubuta ranar a jiki, in ba haka ba kilishin kwana biyar a kwana biyu zai tafi. Ka sani kilishi da ƙuli suna jawo ƙishi, a ci su kusa da ruwa.

MATAKI NA 6: SHIRYA JAKA

Fara zura babbar leda mai kauri a cikin jakar, komai a cikinta zai shiga. A ƙasa, jakar barci da kayan da sai dare za ka nema. A tsakiya, manne da bayanka, masu nauyi: abinci, tukunya, ruwa. A sama, rigar ruwa, suwaita, magunguna da abincin yinin. Tocila, usur da waya a aljihun da hannu ke kaiwa. Kada ka rataya tarkace a waje suna lilo, suna karkatar da mutum a kan duwatsu.

Wajen goyawa, sassauta duk maɗaurai tukuna. Ɗaura bel ɗin ƙugu a kan ƙashin ƙugu daidai, ka tamke shi sosai, sannan ka ja na kafaɗa kaɗan, sai na ƙirji. Dubi yadda uwa ke goyo: majanyi ne ke riƙe yaron a kan ƙugu, shi ya sa take yini da shi tana aiki. In ka ji kafaɗa na zafi ko yatsun hannu na dindiris, nauyin ya koma sama, sake ɗaurin.

Daga nan hau sikeli da jakar, ka sauka ka hau ba ita. In bambancin ya wuce ƙa'ida, rage kaya. Tufafi ne wurin farko da za ka duba.

MATAKI NA 7: ISA BAKIN HANYA

Daga Legas zuwa Jalingo a mota ya haura kilomita 1,000, tafiyar da ba a yi mata gaggawa, kuma ba na son ta dare. Mai hali ya bi jirgin sama zuwa Yola ko Jalingo, galibi ta Abuja. A jirgi ba a yarda da tukunyar gas ko kaɗan, wuƙa sai a kayan da ake aunawa, fawa-bank kuwa sai a jakar hannu. In gas ɗin irin rishonka bai samu a can ba, ma'aikatan gandun za su nuna maka inda aka yarda a hura wuta.

Daga Jalingo hanya ta bi Bali zuwa Serti. In an gama da ofis, sai a hau tsaunin Mambila ta Mayo Selbe, hanya mai kwana-kwana da ke kai mutum tudun da ya kai wajen mita 1,600. Masu zuwa Gangirwal da yawa sukan bi ta Nguroje, daga nan babur ya kai su Njawai, inda ƙafa ke karɓa. Ciri kuɗi a hannu tun daga babban gari, ƙananan takardu, ka raba su wuri biyu. A ƙauyukan sama ba lallai ka sami mai POS ko mai canjin dubu ba.

Kwana ɗaya a kan tudun kafin ka fara. Jikin da ya yi kwana biyu a mota ba a ɗora masa kilo 14 washegari da asuba. Yi amfani da yinin ka yanke farce, ka cika waya da caji, ka je ka gaida Jauro ko mai garin tare da jagoranka, da ɗan goro a hannu. Fulatanci ne ya fi yawo a yankin, amma Hausa za ta kai ka nesa. Kada ka ɗauki hoton mutane ko shanunsu sai ka tambaya.

MATAKI NA 8: AWA TA FARKO

Tashi da asuba, yi sallah, ci abinci mai ɗumi, sha ruwa kamar rabin lita, ku kama hanya da gari ya waye. Za ka ji sanyi ka so fita da suwaita. Cire ta. Minti goma da fara hawa za ka jiƙe ta da gumi, alhali da yamma kake buƙatarta a bushe.

Yi tafiyar da za ka iya hira a cikinta ba tare da numfashi ya sarƙe ba. In magana ta gagara, ka yi sauri. Ga ɗan Legas da ya saba da rige-rigen shiga danfo wannan yana da wuya, ƙafar da kanta take gudu. Jagoran ma, wanda a kan tudun aka haife shi, zai yi gaba kamar ba hawa yake ba. Kada ka bi saurinsa, ce masa, "Malam, a sassauta mana." Sa wanda ya fi kowa rauni a gaba kusa da jagora, kowa ya bi takunsa. Sannu ba ta hana zuwa. A wurin hawa, gajerun taku, tafin ƙafa duka a ƙasa, ba kan yatsu ba.

Bayan minti 20 ku tsaya, ko ba wanda ya gaji. Wannan tsayuwar ta gyara ce: a sake ɗaure igiyar takalmi, a miƙe safar da ta naɗe, a daidaita jaka. Daga nan duk awa ɗaya hutun minti goma, da ɗan dabino ko gyaɗa da kurɓin ruwa. Dogon zama yana sandarar da jijiya. Sa waya a yanayin jirgin sama, neman sabis ɗin da babu shi ne ke shanye batir.

MATAKI NA 9: ƘAFA, RUWA DA RAFI

Bororo ba ya zuwa sai ya yi sallama. Da farko za ka ji wani wuri, galibi bayan dunduniya ko gefen ƙaramin yatsa, yana ɗan ɗumi kamar an goga masa barkono. In ka cire safa za ka ga wurin ya yi ja yana sheƙi, fatar ba ta tashi ba tukuna. A wannan lokacin ake maganinsa. Tsaya nan take, ko da minti biyar ke nan da hutu, ko da abokai sun yi tsaki. Share wurin ya bushe, yanki filasta da ta fi shi faɗi, zagaye kusurwoyinta da wuƙa don kada safa ta ɓanɓare ta, manna ta sumul ba tattara. In ka bari har ya ɗuri ruwa, ƙarami a rufe shi kawai. Babba da ke hana taku, ƙona bakin allura da laita, goge wurin da aidin, huda shi ta gefe, matse ruwan, bar fatar a wurinta, ka rufe. Mai ciwon suga kada ya huda da kansa. Da azahar, cire takalmi da safa ƙafa ta sha iska. Alwala ma tana taimakawa, muddin ka bari ta bushe sarai kafin ka mayar da safa.

Ruwa kuwa lita 3 zuwa 4 a yini. Sanyi yana ɓoye ƙishi, don haka fitsari ne ma'auni: in ya yi ja, ka yi baya. Duk kyan ƙorama kada ka kafa baki, shanu suna sha daga sama. Tace da ƙyalle, sa magani yadda aka rubuta a kwalin, jira minti 30. In ba magani, tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, minti uku in kun haura mita 2,000. In gudawa ta kama wani kuma ORS ya ƙare, a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba.

Wajen tsallaka rafi, sa sandal, kwance bel ɗin ƙugu da na ƙirji don ka iya yar da jakar in ka faɗi, fuskanci inda ruwan ke fitowa, dogara da sanda. Ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa ba a shigarsa.

Maciji yakan kauce in ya ji motsi, sai dai kasa da kububuwa sukan lafe. Kada ka zura hannu ƙarƙashin dutse ko cikin ciyawa ba ka duba ba. In tsautsayi ya faɗa, ban da tsagawa, ban da tsotsa, ban da ɗaurewa tamau. A cire zobe ko agogo, a ɗaure gaɓar da sanda don kada ta motsa, a ɗauki mutumin zuwa asibiti mafi kusa. Alamar neman agaji busa usur sau uku ce, a dakata, a maimaita.

MATAKI NA 10: ZANGON FARKO

Ku sauka da la'asar, wajen ƙarfe huɗu. Rana tana faɗuwa wajen shida, duhun daji kuma ba ya jira. Nemi wuri mai ɗan tudu, a kwance, inda dutse ko bishiyoyi suka tare iska. Ban da gindin kwari inda sanyi da raɓa ke taruwa, ban da busasshen rafi, ban da ƙarƙashin mataccen reshe, ban da burtalin shanu.

Kana ajiye jaka, cire jiƙaƙƙiyar riga ka sa busasshiya da suwaita da hula tun jiki bai huce ba. Sannan tanti, sannan ɗibar ruwa, sannan girki. Kada a kunna risho cikin rufaffen tanti, hayaƙinsa mara wari yana kisa. Wuta kuwa, ciyawar rani a kan tudu kamar fetur take: share fili kewaye da murhu, a kashe ta da ruwa kafin a kwanta. Bayan gida a yi nesa da rafi, taku 70 ko fiye, a tona rami a rufe. Leda da kwalin taliya su koma jaka.

Safa ɗaya ta barci ce kawai, kada ta taɓa shiga takalmi. Waya da fawa-bank su kwana cikin bargo tare da kai, sanyi yana zuƙe caji. Takalmi a shigo da shi, da safe a kakkaɓe saboda kunama.

MATAKI NA 11: SAFIYA TA BIYU

Za ka tashi jiki duk ya yi tsami, cinya da kafaɗa suna ciwo. Wannan ba komai, minti 30 da fara tafiya yake sakewa. Kafin a naɗe tanti ku zauna ku duba juna da gaske, kowa ya cire kunya ya nuna ƙafarsa. A manna filasta tun a zango, a rage wa wanda ya wahala jiya kaya, a kwatanta awannin da kuka yi da abin da kuka rubuta. In tafiyar awa shida ta ci muku tara, sauran kwanakin ma haka za su kasance, sai a rage zangon yau ko a ƙara kwana in guzuri zai kai.

Abubuwan da ke sa a juya ba tare da muhawara ba su ne: gwiwa ko idon sawu da ya kumbura har ba a iya taka shi, zazzaɓi, gudawa ko aman da ya hana ruwa zama a ciki, ciwon kai mai tsanani da jiri da ke ƙaruwa in an ƙara hawa, rawar sanyi da ta kai mutum yana magana a harɗe, ko jagora ya ce bai yarda da gaba ba. Wanda zai koma ba ya komawa shi kaɗai. A haɗa shi da mutum ɗaya da ɗan dako wanda ya san hanya, a ba su rabonsu na ruwa da magani da kuɗin babur, a kuma tsayar da garin da za a haɗu da ranar.